Ƙofar Yaya Sale da ke kallon gabas

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Sale makwancinsa, Allah ya jiƙansa, amma ban taɓa tuna shi da faɗuwar gaba irin ta daminar bana ba.

Yaya direban babbar mota ne, yana ɗaukar masara daga Funtua zuwa Jos. A can ya ga yadda hadari ke haɗuwa. Yakan ce iska mai laima in ta ci karo da tsaunuka dole ta hau sama, ta yi sanyi ta zama gajimare, sannan hadarin ya nufo mu ta gabas. Mukan tsokane shi mu ce direba ya koma malamin sama. Amma in ya bugo waya ya ce a kwashe shanya, ba mai musu.

A ƙauyenmu, kusa da Gozaki, ɗakin kowa ya juya wa gabas baya, don daga can ruwa da iska ke dukanmu. Yaya kaɗai ya juya ƙofarsa can, har ya ɗaga rufin kwanonsa sama, saboda a gindin dutsen gabashin gari ya yi gini. Dattawa suka yi ta faɗa. Ya ce musu, "Wannan dutsen shi ne katangata. Duk iskar da ta taso, a kansa take karyewa." Haka kuwa aka yi. Har ya rasu, ko ƙusa ɗaya iska ba ta cire masa ba.

To, yau ina katangar? Masu fasa dutse sun zo da nakiya da manyan motoci, sun cinye kusan rabinsa sun mai da tsakuwa. Itatuwan kansa kuma an sare. Da Yaya zai leƙo ya ga wagegen giɓin da ke daidai ƙofarsa, me zai ce? Wallahi ban sani ba, ni dai ko kallon wurin ba na son yi.

Kwanakin baya, da la'asar, hadari ya taso baƙi ƙirin. Ina gidan Yaya, tare da matarsa, Yaya Binta, da 'ya'yansu uku. Iskar ta biyo ta giɓin nan kai tsaye, ta banke ƙofar, ta cika ɗakin. Da idona na ga rufin yana ɗagawa yana komawa kamar murfin tukunyar da ke tafasa. Ƙaramar yarinyar ta ƙanƙame ni tana ihu. Ni kaina salati kawai nake yi.

Da ruwan ya ɗauke na ce, "Yaya Binta, don Allah ku dawo gidana, ko ki bari a toshe ƙofar nan a fasa wata ta yamma."

Ta ce, "Ta nan aka fita da shi. Ba zan toshe ba."

Na yi fushi, na yi lallashi, duk a banza. Ga shi damina ko rabi ba ta yi ba.

Abin da ya rage mini na Yaya shi ne kallon gabas. Kullum da yamma idona na can, waya a hannu, kamar yadda yake yi. Sai dai shi in ya kira, masara ake kwashewa a shigar ɗaki. Ni in na kira Yaya Binta, ɗakin ne abin tsoron. Tunda ta ƙi gidana, ina zan ce ta kwashe yaran nan ta kai su?