Ranar da Na Kunna wa Dodo Fitila

Har gobe ban manta da Larabar da Malam Bashar ya shigo shagonmu da faifai biyu naɗe cikin ɗankwalin mace ba. Cikin damina ne, shekara ta uku da ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Ina aiki a wani shagon kwamfuta da ke kan hanyar tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda, ban daɗe da gama makaranta ba, kuma a ganina duk faɗin jihar babu wanda ya fi ni sanin cikin kwamfuta.

Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya, bari in gaya muku yadda shagon yake. Mu huɗu ne. Akwai mai shagon, Oga Sunday, mutumin Binuwai da ya shekara goma sha a Kaura. Sai ni mai gyara, sai masu buga takardu biyu. Duk na'urar da aka kawo, Oga zai buɗe mata kati. A jikin katin akwai layi huɗu: wuta, allo, maɓallai, firinta. In na gama gyara sai in gwada kowanne in yi masa alama, Oga ya duba ya sa hannu, sannan a kira mai kaya. Babu layin sauti a katin, don babu lasifika ko ɗaya a jone a shagon. Tun lokacin da aka fara rufe gidajen kallo Oga ya tattara su ya zuba a kwali ya ɗora saman kabad. Ba wanda ya zo ya ce ya cire su. Shi dai cewa ya yi baƙo ne shi, ba ya son wani ya wuce ya ji kiɗa na tashi daga shagonsa. Mun saba da shirun har mun manta kwamfuta tana da murya.

Malam Bashar malamin dabbobi ne. A Zurmi yake zaune, duk Alhamis yana duba shanu a kasuwar Shinkafi. Zai kai shekara arba'in da biyar, da furfura a gemu da tabarau mai kauri. Ya zauna a benci yana jira har sai da masu buga takarda suka watse, sannan ya matso kusa da teburina ya rage murya.

"Injiniya, wani ɗan aiki nika so ka yi mani, amma don Allah kak ka yi mani dariya."

Na ce, "Haba Malam, wane ni."

Ya warware ɗankwalin. Faifai na farko na na'urar wasa ne, irin wadda ake jonawa da talabijin. Ya ce a Maraɗi ya sayo ta shekarun baya, janareto ya ƙone ta, an rasa mai gyara. Na biyu wasan nan ne dai, amma wanda aka juya don ya yi aiki a kwamfuta. Wani ɗan kasuwa a Jangeru ya samo masa daga Nijar, shi kuma ya sayi kwamfuta 'yar Kwatano musamman dominsa. Da ya saka, sai wasan ya haukace masa.

"Hawa guda yar rage mani in gama shi," in ji shi. "Kuma likita ya ce hawan jinin ido gare ni. Idanun ga ba su kai ni wata damina. So nika yi in ga ƙarshenshi da idona kahin nan."

Ban yi dariya a fili ba, amma a ciki na yi. Dattijo da gemunsa, ido na shirin tafiya, maimakon ya nemi ganin dangi sai wasan dodo! Na karɓa dai, Oga ya buɗe kati, washegari aka kawo kwamfutar daga Zurmi.

Wasan na ban tsoro ne. Mutum ne aka kulle cikin wata tsohuwar masaƙa da aka yi watsi da ita, ba bindiga ba sanda, tocila kawai, akwai kuma wani abu da ke yawo a ciki yana neman sa. Waɗanda suka juya shi zuwa kwamfuta aikin gaggawa suka yi. An gina shi ne don tsofaffin na'urori masu nauyin jiki, to da ya samu mai sauri sai komai ya ninka gudu; ka taɓa maɓalli sau ɗaya, mutumin ya je ya yi karo da bango. Maɓallan kansu an jera su yadda sai mai hannu uku. Duk sanda aka sauka matakalar ƙarshe kuma, sai wasan ya mutu ya dawo da kai waje.

Lokacin babu intanet a kusa, sai Gusau. Sau biyu na je, don ɗaya cikin ƙananan faifan fulofi ukun da na kwafo manhaja a kansu ya lalace a hanya. Na samo wata 'yar manhaja da ke rage wa kwamfuta gudu, na samo fayil ɗin da wasu masu son wasan a ƙasar waje suka gyara saboda matsalar matakala, na sake jera maɓallan yadda hannu biyu za su isa. Cikin mako biyu wasan ya nutsu. Da a nan na tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Sai iyayi ya motsa. Na dubi allon na ga duhu ne ko'ina, ba ka ganin komai sai ɗan da'irar tocila. A sana'armu duhu a allo ciwo ne, an koya mana mu kore shi duk inda muka gan shi. Ga shi kuma mai kayan ba ya gani sosai. Na tona fayil ɗin saituna, na gano lambobin da ke riƙe da haske, na ɗaga su har ƙarshe. Masaƙar ta yi fes kamar ofis da rana tsaka. Dodon da ake gudu ya fito fili, ashe wani dogon abu ne kamar mutumin da ya yafa buhun gawayi. Masu buga takardu suka zo suna ta sheƙa masa dariya. Na yi wa layuka huɗun alama, Oga ya sa hannu, kaina ya ƙara girma.

Ranar Asabar na ɗauki kwamfutar a cinya cikin motar haya zuwa Zurmi. Malam Bashar ya tarbe ni da fura, ya tayar da janareto, ya rufe tagar ɗakin da tabarma. Ya jona 'yan lasifikansa guda biyu, ya zauna dab da allo. Ni kuma na harɗe hannu ina jiran yabo.

Ya yi tafiya kaɗan cikin wasan, ya tsaya. Ya juya hagu, ya juya dama. 

"Injiniya, wanga ba shi na ba."

"Shi ne mana, Malam. Haske na ƙara maka saboda idonka."

"Na ga hasken, Allah shi saka. To ina sarƙa?"

Ban gane ba. Ya ce dodon yana jan sarƙa a ƙasa, da ƙararta ake sanin ta inda yake tahowa. Na kasa kunne. Abin da ke fitowa daga lasifikan shuu ne kawai, sai can a ji ƙofa ta buga alhali ba a taɓa ƙofa ba. Mako uku ina kan wasan nan ban taɓa jin sa ko sau ɗaya ba. 

Ya kashe allon, ya jawo ɗankwalin nan ya ɗora a gwiwa. A nan ya gaya mini abin da bai faɗa a shago ba. Da mai ɗakinsa suke yin wasan. Ba ta taɓa riƙe abin bugawa ba, tsoro gare ta sosai. Da an fara sai ta rufe fuska da ɗankwali ta zauna bayansa, amma ba ta yarda ta fita. Da yake idonta a rufe yake, sai ta fi shi jin sarƙar.

"Ita ka ce mani, ga shi nan hagunka, tsaya, kak ka motsa. Da kunnenta munka kai hawan ƙarshe. Kullum muna gardama bisa abin da za mu iske bayan ƙohwar hita. Ni in ce wani dodon na, mutanen ga ba su da tausai. Ita ta ce a'a, sahiya ta. Sai na'urar taƙ ƙone, bayan wata huɗu ita ma Allah yak karɓi abinai."

Na ce Allah ya jiƙan ta. Kunya ta rufe ni, har da ta dariyar da na yi a zuci ranar farko. Na roƙe shi ya ba ni kwamfutar in koma da ita, tare da tsohon faifan.

Ranar Litinin na tsaya gaban Oga na ce ina son a sauko da lasifika. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka manta inda muke ne?"

Na ba shi labarin tun daga farko. Ya jawo katin aikin ya duba sa hannunsa a ƙasa. Ya ce, "Ni na rubuta katin nan, ni na sa hannu. Laifin namu ne mu biyu." Ya hau kujera da kansa ya sauko da kwalin. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko iyafis ɗin da yake sauraren waƙoƙin coci da shi a bayan shago, ya miƙo mini. Ya ce in yi aiki da shi, in na gama in kai wa mutumin ya riƙe.

Da na saurara sai na ga girman ɓarnar. Masu juya wasan sun yanke rabin sautukan don su shiga faifai ɗaya, sauran kuma sun haɗa su ba bisa tsari ba. Amma cikakkun suna nan a tsohon faifan na'urar da ta ƙone. Na sake komawa Gusau na samo manhajar da ke ciro su. Sun fi ɗari, ba suna a jikinsu sai lamba. Haka na zauna ina jin su ɗaya bayan ɗaya: wannan ɗigar ruwa, wannan numfashi, wannan sarƙa daga nesa, wannan sarƙa a kusa. Kowanne in nemo gurbinsa in saka. Kwana tara na yi a kai.

Da na gama na mayar da duhun yadda yake, na gwada wasan ido a rufe yadda marigayiya take yi. Na ji sarƙa a dama, na gudu hagu, na faɗa hannun dodo. Sau uku haka. Ashe hagu da dama ma a juye suke. Na nemi inda ake gyara wannan a saituna ban samu ba, sai na yi gyaran bakin kasuwa: na buɗe iyafis ɗin Oga na sauya wayoyin biyu da dalma. Kuma wallahi ranar, da rana tsaka, ga mutane na shiga suna fita, sai da na waiwaya bayana.

Abu ɗaya ya rage, kuma wannan karon tambaya na yi kafin in taɓa. Ranar Alhamis na je Shinkafi na same shi cikin shanu, na ce yaya yake gani yanzu. Ya ce gefe-gefe duk ya tafi, tsakiya ce ta rage. Na ce to in ya yarda zan ƙara wa tsakiyar tocilar ƙarfi kawai, in bar sauran a duhunsa. Ya ce ya yarda.

Na koma Zurmi bayan azahar ranar wata Lahadi. Da na miƙa masa hannu sai da ya lalubo shi. Na buɗe masa wasan daga hawan ƙarshe, ya saka iyafis, ni na rage lasifika ƙasa-ƙasa don in riƙa ji. Sarƙar na fara motsi na ga kafaɗunsa sun ɗaga.

"Yauwa," ya ce a hankali. "Ga ta nan."

Sau biyu dodon ya kama shi a hawan ƙarshe, don yana ta ƙoƙarin leƙen allo. A karo na uku ya cire tabarau ya ajiye, ya ɗora ɗankwalin a gwiwa, ya rufe ido. Ya yi taku uku ya tsaya. Sarƙar ta wuce ta dama, ya bi bango ta hagu. Ba ya buɗe ido sai ya ji ya iso ƙofa. Aka kira la'asar, muka dakatar da wasan muka yi salla, muka dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ni da na san kowane lungu na masaƙar nan da fitila a kunne, zufa nake yi.

Can ya kai wata ƙofar ƙarfe, sarƙar na bayansa dab. Ya tura. Allon ya yi fari, kukan tsuntsaye ya cika ɗakin. Ya buɗe ido, ya mayar da tabarau, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Fili ne da ciyawa, rana na fitowa. Ya daɗe yana kallo.

"Sahiya ta," in ji shi. "Ta hi ni gaskiya."

Na fita tsakar gida na ce zan duba man janareto, alhali ni na cika shi da hannuna.

Kafin damina ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya, kamar yadda likita ya ce. Na ci gaba da zuwa gaishe shi, kuma tun daga zaure yake gane takuna.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, mu masu gyara mun fi son mu gyara abin da muka iya gyarawa, ba abin da aka kawo mana ba. Mutum zai miƙo maka faifai ko waya ko tsohuwar kwamfuta, sau da yawa wani abu ne nasa a ciki yake so ka dawo masa da shi, kuma ba zai faɗa ba sai ka ba shi wuri. Oga Sunday ya ƙara layin sauti a katin shagonsa tun a makon. Da na buɗe nawa shagon na ƙara wani a samansa, wanda kuke ƙorafi kullum cewa yana ɓata muku lokaci: me mai kayan yake so ya samu in an gama? Saboda Malam Bashar na sa shi. Ku cike shi kafin ku ɗauki sukuddireba.