Lamba Huɗu Ta Ƙi Amsawa

Shekara ashirin da uku ya yi a masana'antar bututun roba, amma ma'aikata kaɗan ne suka san sunansa na yanka. Hanci ake ce masa. Ba wai hancin nasa ya fi na kowa girma ba ne, a'a, aikin da yake yi da shi ne ya ja masa. Yana iya tsayawa a bakin ƙofa ya ja numfashi sau ɗaya ya ce, "Robar nan saura kaɗan ta ƙone," kuma haka ɗin ne.

Da ɗaukar buhu ya fara. Ya koma shara, ya koma yankan bututu, har tsohon mai masana'antar, Allah ya jiƙansa, ya damƙa masa inji na huɗu, wanda yake can ƙarshen zauren. Garin roba yake shiga ta sama, ya narke a cikin injin, ya fito ta baki yana bututu fari sol. A jikin injin akwai ɗan akwati mai kula da zafi, bai wuce tafin hannu ba. Jan rubutu a sama yana faɗin zafin da ake ciki, kore a ƙasa yana faɗin zafin da ake so.

Mutum ne mai tsare salla, ba ya cin hakkin kowa, sai dai bai yarda da kowa ba. Kwaɗo biyu yake sa wa kekensa. In aka gaishe shi da fara'a mai yawa, sai ya wuni yana tunanin me ake nema. Matarsa takan ce ko ruwa ta ba shi sai ya leƙa kofin, shi kuwa ya ce ai leƙawa ba zagi ba ne.

Yana da wani abu da yake ɓoyewa. Shekara shida ke nan ma'aunin da ke cikin injinsa yana ƙarya, yana rage goma sha biyu daga gaskiyar zafi. In aka sa ɗari biyu, robar sai ta soye. Don haka ɗari da tamanin da takwas yake sawa. Tsohon mai gida ya sani, ya ce masa ya yi yadda ya ga ya dace. Da ya rasu, ɗansa ya zama manaja, ya manna takarda a jikin kowane inji, ya ce duk wanda ya kauce wa abin da aka rubuta ya tattara nasa ya nasa. Ta inji na huɗu ɗari biyu ta ce. Hanci ya je ya yi bayani, Manaja bai ma ɗago kai ba ya ce, "Masu yin injin sun fi hancinka sani." Tun daga ranar yake rataye tawul ɗinsa a kan akwatin. In ya ji takun Manaja a matakala sai ya ɗaga lambar, in ya tafi ya sauke. Kuma, a faɗi gaskiya, abin yana masa daɗi a ƙasan rai: duk ranar da bai zo ba bututu sai ya fito ja-ja-ja, a yi ta cigiyarsa.

Wata Litinin sai ga wata injiniya da jakar baya da naɗin waya mai ruwan toka. Ba ta fi sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta gaishe shi har da rusunawa, abin da ya sa nan take ya ɗaure fuska.

"Baba, zan ɗan buɗe bayan akwatinka."

"Me ya yi miki?"

"Bai yi komai ba. Waya zan sa masa, ya riƙa magana da kwamfutar da ke ofis."

"Magana? Ya ce mata me?"

"Zafin da yake ciki, da zafin da aka sa masa."

Ya tsaya a kanta yana kallo. Ta feɗe wayar, siraran igiyoyi biyu suka fito a murɗe da juna. Ta ɗaure kowace a nata gurbin da sukudireba. Ta ce waya ɗaya ce tal, ta taso daga ofis ta bi inji na ɗaya, na biyu, na uku, ta ƙare a nasa. Kowane akwati an ba shi lamba. Kwamfuta za ta kira lamba, mai lambar ya amsa, sauran su yi shiru. Ta nuna masa wata 'yar fitila rawaya a kusurwar akwatin, ta ce duk sanda ya amsa za ta ƙifta.

"Wato ɗan rahoto kika ɗaura mini," in ji shi.

Ta yi dariya. Shi bai yi ba.

Kusa da injinsa akwai injin niƙa, mai farfasa bututun da ya lalace a mai da shi gari. Ƙanin matarsa ne a kai, Mai Niƙa, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Yaya Hanci, an kawo maka kishiyar hanci! Wannan ba ta mura, ba ta zuwa jana'iza."

"Kai dai niƙa abin da aka ba ka. Da ba don yayarka ba da yanzu kana tallan igiya."

"Ai shi ya sa nake gaishe ta kullum."

Ranar Talata injuna uku suka amsa. Lamba huɗu ta yi gum. Injiniya ta sauko ta hau ya fi sau goma. Ta juya igiyoyin biyu ko ta sa su a baibai, shiru. Ta duba gudun maganar, ta ce dole akwati da kwamfuta su yi tafiya ɗaya, ta tarar daidai suke. Ta canza ɗan abin da ke haɗa wayar da kwamfuta, mai kama da akwatin ashana. Shiru dai. Hanci yana gefe yana godiya ga Allah a zuci, sannan ya ji kunyar abin da yake godiya a kai.

Sai abin ya zo da wani salo. Da azahar, in an sauke zafin injuna kowa ya fita salla da cin abinci, lamba huɗu sai ta kama amsawa tiryan-tiryan. Da an dawo aiki sai ta ɗauke. Laraba ma haka. Manaja ya sa aka kira Hanci sama.

Bai taɓa daɗewa a ofishin nan ba. Taga ce babba mai gilashi, ana hango zauren duka, har tawul ɗinsa.

"Malam Hanci, ina da tambaya. Me ya sa akwatinka yake magana in ka fita, in ka dawo ya yi shiru?"

"Ranka ya daɗe, ni ma ji na yi."

"Kowa ya san ba ka son wayar nan."

"Rashin so daban, taɓawa daban. Wallahi ban taɓa ta ba."

"To. Jibi Juma'a. In ba ta amsa ba kana tsaye a wurin, zan sa wani a injin in gani ko shi za ta amsa masa."

Injiniya tana zaune, idonta a kan kwamfuta. Bai san ko da bakinta a ciki ba. Yana saukowa ya dubi Mai Niƙa, har shi ma sai da ya zarga: wa ya sani ko yana son inji na huɗu?

Da la'asar ya koma gida ya zauna a kan turmi bai cire takalmi ba. Matarsa tana kwashe shanya.

"Malam, lafiya? Ko an taɓa keken ne?"

Ya gaya mata duka, har da zancen tawul, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Ta ninke zani ta ajiye, ta ɗauki wani.

"Duk shekarun nan kana wasan ɓuya da ɗan mai gida, yaron da ya girma kana gani?"

"In ta amsa, ta tona ni. In ba ta amsa ba, an ce ni na hana ta. Ta ina zan bi?"

"Ni ban san waya ba. Amma ɗaya ka yi, ɗaya ba ka yi ba. In korar ce, gara a kore ka a kan wanda ka yi."

Ya ji haushin maganar, don ya rasa inda zai kama ta.

Alhamis da hantsi wani guntun ƙarfe ya faɗa injin niƙa, ya yi ƙara ya tsaya. Mai Niƙa ya shiga zage-zage yana neman sifana. A cikin shirun nan Hanci ya ɗaga tawul don ya duba zafi, sai ya ga 'yar fitilar rawaya tana ƙiftawa. Ƙif, ƙif, ƙif. Ga shi tsaye a wurin, ga ɗari da tamanin da takwas a rubuce. Ya ɗaga kai da sauri, ya ga ba kowa a tagar. Minti kamar goma Mai Niƙa ya ciro ƙarfen ya tada injinsa. Fitilar ta mutu nan take.

Hanci ya bi wayar da ido. Daga inji na uku ta hau bango, ta shiga kwalbatin ƙarfe ɗaya da jibgegiyar wayar wutar injin niƙa, an ma ɗaure su tare tsawon taku goma sha biyar. Ya tuna rediyon tsohon mai gadi, yadda take shiga shaaa duk sanda aka tada injin nan. Da azahar kuwa ba shi kaɗai yake fita ba, injin niƙa ma kashe shi ake yi.

Yanzu ya sani, kuma shi kaɗai ya sani. Ya wuni da abin a cikinsa. A sallar azahar sai da ya yi rafkanuwa. Ya ce a ransa in ya yi shiru wanda za a sa a injin ma ba za ta amsa masa ba, a wanke shi ba tare da ya buɗe baki ba. Amma wanda za a sa ɗin ɗari biyu zai bi, a yi asarar roba, shi kuma yana gida ana cewa munafuki ne. Ya ga yarinyar nan ta sake saukowa, ta durƙusa a bayan akwatin a karo na ba adadi, gumi ya jiƙa mata ɗankwali.

"Ke 'yar nan," ya ce. "Ba a nan ciwon yake ba. Tashi ki gani."

Ya sa Mai Niƙa ya kashe inji. Fitila ta ƙifta. Ya ce ya tada. Ta mutu. Sau uku suna yi. Injiniya ta dafe kai ta ce, "Innalillahi! Ni da hannuna na ɗaure su tare." Ta yanke maɗauran, ta zare wayarta ta bi da ita ta ɗaya bangon, nesa da ta wuta. Kafin la'asar fitila tana ƙiftawa injin niƙa yana ruri.

Hanci ya cire tawul ɗinsa ya saɓa a kafaɗa. Bai taɓa lambar ba. Ba a yi minti biyar ba ya ji takun Manaja a matakala.

"Me nake gani a sama? Ɗari da tamanin da takwas?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Shekara shida ke nan."

Manaja ya juya ga Injiniya ya ce ta hau ta sa ɗari biyu daga can. Hanci yana kallo koren rubutun ya canza da kansa, ba hannun kowa.

"A ba robar minti goma sha biyu," ya ce.

A na tara ya ja hanci ya kau da kai. A na goma sha ɗaya kowa ya ji ƙaurin. Bututu ya fara fitowa da zane ja kamar an ɗiga masa shayi. Injiniya ta ciro nata ma'aunin daga jaka ta ɗora a bakin injin, ta nuna wa Manaja: ɗari biyu da goma sha biyu.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, ranar da ka manna takarda."

Manaja ya daɗe yana kallon takardar. Bai ba da haƙuri ba, Hanci ma bai sa rai ba. Ya dai ɓalle ta ya dunƙule a aljihu, ya ce a sauke zafin, a sayo sabon ma'auni gobe.

Ba a kore shi ba. Amma da aka sa sabon ma'aunin, ɗari biyu ta koma ɗari biyu ta gaskiya, ko wa aka tsayar a injin zai fitar da farin bututu. Wannan ya fi masa ciwo fiye da yadda ya zata. Manaja ya so a kulle maɓallan gaba ɗaya, Injiniya ta roƙa aka bar masa biyar sama, biyar ƙasa, saboda garin roba ba kullum yake zuwa iri ɗaya ba.

"Kuma duk abin da na taɓa sai ta faɗa?" ya tambaye ta ranar da za ta tafi.

"Sai ta faɗa, Baba. Har da minti."

"Na sani dama."

Yana nan a inji na huɗu har yau. Bai yarda da wayar ba, kullum da safe sai ya bi ta da ido daga bango zuwa bango, ko wani ya matsar da ita. Ba ya hira a gaban akwatin, ko da Mai Niƙa ya rantse masa ba ta da kunne. In hancinsa ya ce a rage biyu, ba ya fara taɓa maɓalli. Sai ya tako tsakiyar zaure, ya dubi tagar ofis, ya ɗaga yatsu biyu ya nuna ƙasa, ko da kowa a wurin ko babu. Sannan ya koma ya danna. Ya ce ba zai yarda waya ta riga shi kai maganar ba.