Muryar Baba a Buhun Ɗan Gwangwan

Duk sanda ɗan gwangwan ya biyo layinmu a Shagari yana kiran a fito da tsofaffin kaya, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunya ce, kuma bari in gaya muku mafarinta.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye. Idan tuwo ya sauka, sai ta ce da ƙanwata, "Ce ma wancan shi zo shi ɗauka," alhali ina zaune dab da ita. Haka na girma a Danchadi, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Baba fataucin albasa yake yi. Da an kwashe ta fadama, sai ya bi mota zuwa kurmi ya daɗe can. Shi ba ma'abocin rubutu ba ne, kaset yake cikawa da magana ya ba direba ya kawo. Ranar da kaset ya iso, gidanmu kamar salla. A shimfiɗa tabarma bayan la'asar, a goge rikoda da gefen zane, a kwaso batiran da aka shanya a rana wai don su ƙara ƙarfi. Sai muryarsa ta fito, da hayaniyar tasha a bayanta, yana gaida kowa, har akuya mai ciki sai ya tambaya. Inna tana bakin murhu ta ba mu baya kamar ba ta ji, amma muciya takan tsaya a hannunta.

Baba ya rasu ina makarantar koyon aikin lafiya. Muryarsa ba ta rage ko'ina ba sai cikin waɗannan kaset.

Bana, kafin damina ta sauka, na je a gyara rufin ɗakin Inna da ke yoyo. Muka fito da kaya tsakar gida. Ni kuwa da rawar kai irin ta ma'aikaci, komai na gani tarkace ne. Ana cikin haka sai ga ɗan gwangwan da amalankensa. Na tura masa matacciyar rikodar, da rediyo, da wani kwali cike da kaset wanda gara ta ci gefensa. Wallahi ko buɗe shi ban yi ba.

Na ce, "Inna, a ba shi ko? Ai ba mai amfani da su."

Ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Ƙanwata tana gidan mijinta a Bodinga, babu wanda za ta aiko mini. Ni da na tashi cikin shirun matar nan, sai na ɗauke shi a matsayin "to". Kuɗin da aka ba ni na ajiye mata bisa tabarma, har ina jin na yi abin kirki.

Bayan kwana biyu ƙanwata ta kira ni, ko gaisuwa babu.

"Yaya, mi kay yi haka? Kaset ɗin Baba na cikin kwalin nan! Duk Juma'a sai ta hiddo su ta goge."

Na ce, "To don mi ba ta hana ni ba?"

"Haba Yaya! Ta buɗe baki ta ce ma ɗan fari tana son muryar mijinta?"

Na hau babur na yi ta cigiya har na samu ɗan gwangwan ɗin a kasuwar Bodinga. Rikoda an riga an fasa ta. Kaset kuwa, ya ce wani manomi na wajen Sifawa ya saye su.

Na tarar da gonar a fadama, shinkafar rani ta fitar da kai. Mutumin ya zare zaren kaset ɗin kaf, ya ɗaure a kan sanduna daga wannan kunya zuwa waccan don korar tsuntsaye. Yana ta walƙiya a rana, iska na kaɗa shi yana 'yar ƙara. Na tsaya kamar gunki. Bawan Allah ya tambaye ni ko lafiya, na kasa gaya masa ubana ne ke tsaron shinkafarsa.

Da na koma Danchadi na durƙusa bakin ƙofar Inna, na rasa ta inda zan fara. Tana watsa wa kaji tsaba. Su ta kalla ta ce, "Wanda yat tahi ya tahi. A bar ƙona mai a banza." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu zamani ya sauya. Wayata cike take da saƙon murya, na abokan aiki, na 'yan talla, har na yarana masu neman a sayo musu biredi, kullum sai na goge. Sau da yawa nakan kunna ɗaukar murya in sa wayar a aljihu in shiga gida, ko zan samu ta Inna in adana. Daga zaure nakan jiyo ta tana hira da maƙwabta har da dariya. Da na yi sallama, sai ta yi shiru.