Munzali da Garin da Ido Ba Ya Gani

Munzali mai liƙin roba ne a Kongolam. Bokiti ya tsage ko buta ta huje, shi ake kai wa, ya gasa ƙarfe a garwashi ya liƙe. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wani gidan rawa na bakin iyaka ya rufe, mai shi ya bar masa karyayyun kujerun roba har suka cika zaure. Sai ya shiga narka su yana ƙera moɗa. Amma moɗarsa ba ta son rana, kafin wata ya mutu ta tsage.

Fadila, 'yar ƙanwarsa mai karatun kimiyya a Katsina, ta zo hutu ta ce, "Kawu, a manyan masana'antu ana zuba wa roba garin yumɓu mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa. Ɗan kaɗan ake sawa, ta yi ƙarfi, ta jure zafi. Amma in garin ya dunƙule, aiki ya ɓaci."

Washegari ya ɗora matarsa Zinariya a kan turmi. Ta daka yumɓu, ta tankaɗe da ɗankwali, ta kawo masa.

"Kina ganinsa?"

"Ina gani, Malam."

"To, da saura."

Da hannunta ya yi kanta, sai ta zubar da garin a bayan rumbu, ta goge ƙwaryar tas ta miƙa masa. Munzali ya leƙa, ya karkata ta wajen haske, bai ga komai ba. Ya sa mata albarka. Ya hana kowa atishawa, ya juye ƙwaryar a narkakkiyar roba, ya gauraya a hankali.

Moɗar ta tsage kamar kullum. Ya daɗe yana dubanta, ya ce, "Na cika hannu."

Karo na gaba Zinariya ta tafi suna Mashi, sai ya daka da kansa. Ganin nasa garin bai kai nata laushi ba, ya antaya kwano guda. Robar ta yi kauri kamar tuwon kwana, ta kama muciyar Zinariya da yake juyawa da ita, ta daskare. Abin da ya fito daga tukunya dunƙule ne mai nauyi, da sanda a tsakiya.

Mati makiyayi ya zo karɓar butarsa, ya ɗaga abin, ya ce yana da wani bunsuru da ya gama da turakun icce. Ya tafi da shi. Bunsurun ya ja, ya tunkuya, ya gwada haƙori, ya haƙura ya kwanta.

Tun daga nan turke Munzali yake ƙerawa, ana zuwa saye har daga garin Babban Mutum. Zinariya kuwa ta koma ɓoye muciyarta a ɗakin maƙwabciya.