Famfon da Aka Hana Tsuneo Taɓawa

Fukasawa Tsuneo ya rasu a watan Nuwamban da ya wuce, yana da shekara sittin da biyu. Jijiya ce ta fashe masa a kai, yana sunkuye yana ɗaura igiyar takalmi. Ni Inaba Katsuji, abokinsa ne tun muna 'yan shekara goma sha takwas, ranar da aka ɗauke mu aiki tare a masana'antar takardar goge hannu da ke bakin garinmu, Fuji. Ni aka ba ni motar ɗaga kaya saboda kaina ba ya ja sosai. Shi aka kai shi sashen gyaran inji. Ban iya tsara magana ba. Amma a wajen jana'izarsa wakilin kamfani ya miƙe ya ce Tsuneo ya ba da gudummawa ga sabon zamani, ni kuwa ina wurin lokacin da aka karɓi gudummawar, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Gajere ne, mai kauri, ba ya son hayaniya. Kullum akwai doguwar sukudireba a aljihunsa na baya. Sai ya ɗora tsininta a jikin inji, ya kara marikinta a kunne, ya lumshe ido. Idan na zo wucewa da kaya nakan rage gudu in tsokane shi.

"Tsune, da haka kake sauraron Fumie da ba ta riƙa kawo ƙararka gidana ba."

Fumie matarsa ce. Ko ido ba ya buɗewa yake cewa, "Ita ai tana da baki. Kai dai tuƙa akwalarka."

Layi na uku shi ne nasa. Shekara goma sha ɗaya injinan layin ba su taɓa tsayawa da kansu ba, sai ranar da aka tsara tsayar da su. Kafin boris, zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ya fara ciwo ya riga ya ji, ya sa giris, ko ya canza shi ranar hutu. Layi na biyu kuwa yana hannun wani Makino, mai dariya da kowa, wanda ba ya taɓa abu sai ya ga hayaƙi.

Shekara huɗu da suka wuce kamfani ya sayo sabon tsari. Aka manna wasu 'yan na'urori kamar kwalin ashana a jikin kowane famfo da kowace mota mai juya inji. Suna jin rawar ƙarfe da zafinsa, suna aika wa kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, ita kuma ta koyi gane abin da ke shirin lalacewa. Tsuneo bai yi gardama ba. Shi ma ya nuna musu wuraren da ya fi dacewa a manna su.

Bayan wata shida, injiniyar da masu tsarin suka turo mana, Serizawa Kanae, ta same mu muna cin abincin rana. Mace ce mai ladabi, ba ta kai arba'in ba.

Ta dubi Tsuneo ta ce cikin girmamawa, "Fukasawa-san, layinka ya gagare mu."

"Me ya lalace?"

"Matsalar ke nan, ba abin da ke lalacewa. Sai kwamfutar ta ji yadda ciwo ke farawa, da yadda yake tsananta, har ƙarfen ya mutu, kafin ta iya gane shi wata rana. A layi na biyu ta ji haka sau tara. A naka ko sau ɗaya ba ta ji ba. Injinanka kuma tsofaffi ne, ba irin na Makino-san ba, karatun can ba ya aiki a nan."

Na tuntsire da dariya na ce, "Ashe Makino ne malamin makarantar."

Ni da wasa na faɗa. Wata mai zuwa sai ga hoton Makino a mujallar kamfani, yana tsaye kusa da kwamfutar, ana yaba haɗin kan da layinsa ya bayar.

Shugaban sashenmu, Yonekura, ya kira taro. Aka yanke cewa za a zaɓi inji ɗaya a layi na uku a hana shi giris har borisinsa ya mutu, kwamfuta na saurare. Aka zaɓi famfo na huɗu, mai tura ƙullun da ake yin takarda da shi, domin yana da ɗan'uwa a gefensa da zai karɓi aikin idan ya tsaya. Tsuneo da hannunsa ya kafa famfon nan shekara ashirin da shida baya. Kowace sabuwar shekara, bisa al'adarmu ta neman albarka, a kansa yake fara ɗora wainar shinkafa kafin sauran injina.

Ya ce, "Shugaba, akwai matattun boris a sito. In ɗaura ɗaya, ta ji kukansa."

Serizawa ta sunkuyar da kai. "Daga lafiya ake so ta fara ji."

Yonekura ya ce, "Haƙurin wata ɗaya ne, Fukasawa. Ƙarfe ne fa."

Aka rataya wa famfon jan kati mai cewa kada kowa ya taɓa.

Kwana goman farko ni ban ji wani bambanci ba. Shi yana ji. Bencin da muke cin abinci yana daf da famfon. Sai in ga ya buɗe ƙunshin da Fumie ta haɗa masa, shinkafa da gasasshen kifi, ya ɗauki tsinken cin abinci, ya tsaya da shi a sama, kansa a karkace.

Na ce, "Mu koma ɗakin cin abinci mana."

"Can ma ina jin sa."

Rana ta goma sha biyu, da aka busa tashi cin abincin rana, ya zo wurina ya ce in ɗauko manyan naɗin takarda guda biyu in tsaya da su a gaban famfo na huɗu, in yi kamar motar ta mutu. Na san abin da zai yi, kuma na yi. Ina zaune a kan motar ina jin ƙarar bindigar giris a bayana. Sau uku kawai ya matsa. Ya fito yana goge hannu, ya zauna ya cinye shinkafarsa tas, ya ci rabin tawa. Rabon da in ga fuskarsa haka har na manta.

Washegari Serizawa ta zo da allon kwamfutarta a hannu. Mu biyu ta samu, ba kowa.

"Jiya da sha biyu da minti goma sha huɗu, famfo na huɗu ya samu sauƙi farat ɗaya."

Na ce, "Tsofaffi ai haka suke, yau ciwo gobe lafiya."

Ba ta kalle ni ba. Tsuneo ya ce, "Ni ne. Ni kaɗai."

Serizawa ta duba allonta. Sannan ta ce kwana goma sha biyu sun tafi a banza, dole ta rubuta dalili, ba ta da yadda za ta ɓoye. Na yarda ba ta da shi. Ban taɓa riƙe ta a raina ba.

Aka ce ya rubuta takardar neman afuwa. Ranar Litinin, bayan motsa jikin safe, a gaban ma'aikata sama da sittin, ya fito ya karanta. Har yau ina iya maimaita ta. "Ni Fukasawa Tsuneo na sa wa famfo na huɗu giris ba da izini ba, na jawo wa kamfani ɓata lokaci. Na yi nadama, ba zan sake ba." Ya rusuna har hularsa ta faɗi. Ina tsaye a sahu na biyu, ni da na kare shi da motata, ban fito na ce da hannuna a ciki ba. Da muka watse Makino ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Dattijo, ka rage ƙwazo, kana ja mana."

Aka sa sabon boris, aka sake farawa. Wannan karon Yonekura ya ƙara wani abu. Tunda kunnen Tsuneo ya fi na kowa, shi zai riƙa zuwa duk bayan awa ɗaya ya saurari famfon, ya rubuta abin da ya ji, don a haɗa da abin da kwamfuta ta ji. Ban sani ba ko horo ne ko kuwa da gaske aikin ke buƙata. Wataƙila duka biyun.

Kwana ashirin da uku ya yi yana wannan. Bai tsallake awa ko ɗaya ba. Na taɓa leƙa littafin. A rana ta tara ya rubuta, "Kamar tsakuwa a cikin shinkafa." A ta goma sha shida, "Yana ƙara idan ya ɗau zafi, yana shiru idan ya huce." Daga ta ashirin rubutun ya koma lambobi kawai.

Rana ta ashirin da uku, wajen uku saura, famfon ya yi wata ƙara da kowa ya ji, ya ƙame, hayaƙi ya tashi. Ɗan'uwansa ya karɓa nan take, takarda ba ta ko yanke ba. Daga ofis na ji ana tafi. Serizawa ta sauko ita kaɗai, ta tsaya gabansa ta rusuna, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ya ce, "An samu abin da ake so?"

"An samu."

"To madalla."

Ba zan yi ƙarya ba, tsarin yana aiki. Tun daga lokacin ya gano ciwo uku a layi na uku kafin su kai ko'ina. Da bai yi aiki ba da na samu wanda zan zaga.

Tsuneo ya ci gaba da zuwa aiki. Idan allon kwamfuta ya nuna ja, ya je ya gyara. Idan bai nuna ba, ya zauna. Da ya cika sittin aka yi masa tayin ƙarin shekara biyar a aiki kamar yadda ake yi wa kowa, ya ce ya gode, ya isa.

Wata biyu kafin rasuwarsa na kai masa ziyara da lemon gonar ƙanwata. Muna zaune muna shan shayi, injin wankin Fumie yana aiki a bayan ɗaki, yana wani gurnani da ko ni mai toshasshen kunne na san ba lafiya ba. Fumie ta leƙo ta ce min wata uku ke nan tana fama da shi ya duba, har ta gaji za ta kira mai gyara daga kanti.

Na ce, "Tsune, ba ka jin wannan ne?"

Ya ce, "Ina ji. Boris ne, na ƙasa. Ya kusa."

Na jira ya tashi. Ya ɓare lemo ɗaya, ya miƙo min rabi, muka zauna muna ci, injin yana ta yi a bayanmu har ya gama wankin.