Kafar Dangar Burkusuma

Sadiƙa ita ce 'yar farin Saude, kuma a Tsamaye ta wancan zamani wannan kaɗai ya isa ya tsara mata rabin rayuwa. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke fara ɗaga shi ba. Kunya ake ce wa abin, kuma macen da ta fi riƙe ta ita ake yaba wa tarbiyya. Saude kuwa ta riƙe ta gam.

Da lokacin yaye ya yi, aka ɗora yarinyar kan jaki a gaban kawunta, aka kai ta Burkusuma wurin kakarta Zulaiha, mahaifiyar Saude. Yaro ɗan shekara biyu bai san al'ada ba. Abin da ya sani shi ne akwai bayan da ke goya shi, akwai wani ƙamshi da wata murya, sai aka wayi gari babu su. Sadiƙa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta ƙi kunu, ta ƙi fura, sai ta zauna bakin ƙofa ta zuba wa hanya ido. Daga baya ta daina kukan, ta karɓi ludayi, mutanen gida suka ce ta haƙura.

Yayen ya zarce ya zama riƙo. A gidan Kaka Zulai ta iya magana, a nan ta fara zubar da haƙora. Dangar kara ce ta kewaye gidan, kuma duk shekara bayan girbi ake sabunta ta. Abin da Sadiƙa ba ta manta ba shi ne yadda tsohuwar kan tsaya a kan masu aikin, ta sa su bar wata 'yar kafa daidai da gindin aduwar da yara ke wasa.

"Inna, kaji ka shigowa ta nan suna ɓarna," in ji kawun.

"Ku bar mani ita. Iska nika sha ta nan."

"Iskar duniya duka ba ta ishe ki ba, sai ta wagga kafa?"

"Kai dai ɗaure kararka, ka bar abin da ba a tambaye ka ba."

Ta kusa shekara takwas aka mayar da ita Tsamaye. Ta tarar da ƙane mai suna Kassimu a cinyar Saude, sunansa ba ya barin bakin uwar daga safe har yamma. Ita kuwa sunanta a gidan ya zama Ta Burkusuma, in an gajarta, "ke wagga". Yaro a wannan shekaru, duk abin da ya same shi kansa yake ɗora wa laifi. Sadiƙa ta yanke cewa wani abu ta yi. Sai ta duƙufa gyarawa: ita ce farkon zuwa rijiya, ita ce surfe, ita ce tsince tsakuwa a wake. Wata rana ta ɓuya a bayan rumbu da gangan, tana lissafin cewa in aka rasa ta dole uwar ta ɗaga murya ta kira. Ta ji takun Saude ya zaga gidan, ya fita waje, ya dawo da sauri. Sannan ta ji muryarta:

"Kassimu! Tahi ka dubo mani wagga."

Ta fito da kanta, ta ɗauki tulu.

Da ta zama budurwa ta fahimci al'ada ce, har ta kan yi wa ƙawayenta bayani in sun tsokane ta. Amma fahimtar a kai ta tsaya, ba ta sauka ƙirji ba. Tambaya ɗaya ta bi ta har ɗakin aure: shin akwai wani abu a bayan shirun Saude, ko shirun ne kawai?

Malam Kalilu, mai makarantar allo a Bafarawa, shi ta zaɓa cikin manemanta, don yana da fara'a kuma ba ya tsawa. Da ta haifi ɗanta na fari aka sa masa Mas'udu, ta ƙudura a ranta cewa ita ba za ta yi yadda aka yi mata ba. Ƙudurin bai kai arba'in ba. Ranar da ta ɗaga jaririn tana yi masa wasa, matan gidan suka dubi juna, wata gwaggon miji ta yi gyaran murya. Sadiƙa ta ajiye shi a kan tabarma kamar ya ƙone ta. Daga ranar ya zama Na Malam.

Mas'udu ya tashi yaro mai barkwanci, kuma ya gano inda uwarsa ke da rauni.

"Inna, ki ce sunana sau guda, in cika maki randa har baki."

"Tahi can, marar kunya."

"To rabin sunan. Ki ce Mas, ni in ƙarasa."

Sai ta jefe shi da mafici, ya kauce yana dariya, ya je ya cika randar duk da haka.

Shekarar da sanƙarau ya ratsa ƙasar, Mas'udu ya dawo daga gona yana riƙe da wuya. Bai daɗe a kwance ba. Kansa na bisa cinyarta, ɗakin cike da dangi, ta sunkuya ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu, Na Malam." Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Uwar ɗan fari ba ta kururuwa, Sadiƙa ba ta yi ba. Saude ta zo ta'aziyya daga Tsamaye, ta zauna kusa da ita, ta riƙe mata wuyan hannu har ya yi shaida.

"Haƙuri, ke wagga," ta ce.

Rasuwar ta koya wa Sadiƙa cewa shiru yana iya ɓoye ƙauna, tunda nata ya ɓoye. Abin da ba ta sani ba shi ne ko na Saude irin nata ne. Ba tambayar da ake yi wa uwa ba ce, don haka ta haɗiye ta, ta ci gaba da rayuwa. Ta haifi Nasiru da ƙannensa, ta kira su da sunayensu har ta gaji. Ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta yi suna a kasuwar Bafarawa. Malam Kalilu ya rasu gashinta ya fara fari. Sunan Mas'udu kuwa bai taɓa fitowa daga bakinta ba, ko a addu'a "ɗan fari" take cewa.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, Nasiru ya kwashe gidan ya mayar cikin garin Isa. Ba a jima ba Kassimu ya iso a kan babur da Saude a bayansa, an ɗaura ta a jikinsa da zane don kar ta faɗi. Ta tsufa ƙwarai, kuma hankalinta ya fara komawa baya. Ta kan nemi mutanen da suka daɗe da rasuwa, ta kan ci tuwo ta ce ba a ba ta ba. Sadiƙa ke yi mata wanka, ke ba ta kunu a baki, amma tsohuwar ba ta gane ta. "Baiwar Allah" take ce mata, tana yi mata godiya kamar baƙuwa. Sadiƙa ta ga ƙofar da ta yi shekaru tana jira a bakinta tana rufuwa gaba ɗaya.

Sai kuma fitar ta fara. Da hantsi, da an ɗauke ido, Saude za ta yafa mayafi ta kama hanyar bayan gari, ta ce Burkusuma za ta. Hanya kuwa ba ta da aminci ko ga mai ƙarfi.

"Yaya, kwaɗo za ni sa wa ƙofar nan," in ji Kassimu. "In ba haka ba wata rana sai dai mu ji labari."

"Ka kulle Inna kamar akuya?"

"To mi za a yi? Ni hwa ina ganin iska ce. A kira mai ruƙiyya."

"Iskar da ke jiran hantsi kullum? Bar ni in bi ta in gani."

Washegari ta bar ƙofar a buɗe, ta bi tsohuwar a baya. Saude na tafiya da sauri irin na mai tsoron a gan ta, tana raɓewa jikin katanga. A ƙarshen unguwa akwai wani gida mai dangar kara. Nan ta tsaya. Ta shafa karan da tafin hannu har ta sami inda suka rabu, ta durƙusa, ta kafa ido.

Sadiƙa ta matso ta durƙusa gefenta. "Inna, mi kike dubi?"

"Yi a hankali, baiwar Allah, kar a ji mu. Ɗiyata na ciki. Yaye anka kawo ta."

"Wace ɗiya?"

Tsohuwar ta juyo ta dube ta kamar ta yi tambayar wauta.

"Sadiƙa mana. Sadiƙa tawa. Ɗiya nawa gare ni?"

Sadiƙa ta dafa ƙasa. Ta haura sittin a duniya, kuma yau ta fara jin yadda sunan yake a wannan bakin. Saude ba ta lura ba, ta koma ga kafarta tana raɗa.

"Itace nika cewa za ni yi, in sulale in taho. Inna ta bar mani kafa daidai aduwa. Ranar nan ta kusa ganina, na ciji zane don kar in kira ta. Sun ce ta ƙi cin abinci. Ke da kike shiga gidan, ta ci?"

Aduwa, da kaji masu ɓarna, da tsohuwa mai shan iska ta kafa guda, duk suka dawo wa Sadiƙa a tare. Ta share fuska da bakin mayafi, ta daidaita murya.

"Ta ci, Inna. Ta shanye kununta tas."

"Kin rantse?"

"Wallahi ta ci. Ta girma ma. Ta yi aure, ta yi ɗiya, tana da sana'a."

Saude ta yi dariya, ta dafe baki. "Ji ƙarya! Wagga 'yar mitsitsiya?" Sannan ta tambaya, "Ta san ina zuwa?"

"Ta sani."

"To alhamdu lillahi. Mu koma, kar a neme ni."

Suka dawo gida hannu cikin hannu. Kassimu na tsaye a ƙofa da kwaɗonsa.

"Ajiye wannan," in ji Sadiƙa. "Tahi ka samo mani karan dawa. Danga za ka yi mani a tsakar gida."

"Danga cikin gida mai katanga? Yaya, ke ma abin ya taɓa ki?"

"Kuma ka bar mata kafa."

Ya yi gunaguni, amma ya yi. Ya kafa 'yar danga daga bakin ɗakin Saude zuwa gindin bishiyar dogon yaro, inda jikoki ke wasa. Daga ranar tsohuwar ba ta ƙara kama hanya ba. Da hantsi sai ta yafa mayafi, ta yi sanɗa ta zaga bayan dangar, ta leƙa. Sadiƙa ta bar turmin gyaɗa ta zo ta durƙusa, a yi tambayar, a ba da amsar. Saude kan manta kafin azahar, gobe a sake daga farko. Sadiƙa ba ta taɓa ƙosawa ba. Sunan da ta yi ƙishinsa tun tana bayan rumbu, yanzu kullum sai ta ji shi. Maƙwabta suka ce ta sake, ta yi fara'a, har waƙa aka fara ji a bakinta wajen matsar mai.

Da damina ta ja baya matar Nasiru ta haifi namiji. Ranar suna aka raɗa masa sunan yayan ubansa, Mas'udu. Mata sun cika tsakar gida, sai Binta, matar Kassimu, ta ɗaga murya.

"To a nemo mishi laƙabi, tunda kakarsa ba ta iya faɗi. Mu ce Magaji."

"Magaji ya yi," mata suka amsa.

"Miƙo mani shi," in ji Sadiƙa.

Ta karɓi jaririn, ta gyara masa hula, ta ɗaga shi daidai fuskarta. Sunan ya tsaya mata a maƙogwaro, inda ya saba tsayawa. Ta dubi dangar, ta ga ido ɗaya a kafa yana kallo.

"Mas'udu," ta ce. Ya fito a dushe, don haka ta maimaita yadda na zaure za su ji. "Mas'udu! Sannu da zuwa, Mas'udu."

Binta ta riƙe haɓa.

"La ilaha! Yaya, ina kunyar?"

"Na yi ta har ta ishe ni. Wanga kuma mijina ne, ku bar ni da angona. Kai Mas'udu, ka ji, akwai randar da za ka cika mani in ka girma."

Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, dariya ta kece. Nasiru, da ya leƙo daga zaure, ya juya da sauri yana goge ido da hannun riga.

Daga bayan danga muryar tsohuwa ta taso, tana ƙoƙarin raɗa.

"Baiwar Allah! Ɗan wa ne wanga da ake ta guɗa?"

Sadiƙa ta taka har gaban kafar, ta durƙusa, ta juyo da fuskar jaririn yadda za a gan shi da kyau.

"Jikan Sadiƙa ne, Inna."

"Ya ci?"

"Yanzun nan ya sha nono."

"To a goya shi," in ji Saude. "Kar a bar shi ƙasa."

Sadiƙa ta miƙe, ta ce a ba ta zane.