Ranar da Sista Ladidi Ta Ajiye Ni a Benci

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata, Sista Ladidi, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Abuja. Allah ya jiƙanta. Akwai shari'a tsakanina da ita da ba a taɓa yankewa ba. Bokona dai a aji huɗu ya tsaya, amma yau ni ne alƙali.

Wata Talata da hantsi, a kasuwar shanu ta Dei-Dei, wani bijimi marar tarbiyya ya tsaga mini hannu da ƙaho. Na naɗe da rawani na nufi asibitin ina taƙama, tunda ƙanwata ce oga a wurin. Ta duba raunin, ta ɗaure, ta ce in zauna a benci. Sai ga wani manomi an ɗauko daga Tungan Maje, maciji ya sare shi, ko motsi ba ya yi. Duk suka yi kansa.

Na ce, "Ladidi, ni na goya ki fa! Kuma na riga shi zuwa."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, tunda kana da ƙarfin faɗa, ba yanzu za ka mutu ba. Wanda ya yi shiru nake tsoro."

Awa biyu na yi kafin a ɗinke ni. Wata uku ban taka gidanta ba. Da kaka manomin ya kawo mata doya, ta aiko mini da rabi. Na ci, don doyar ba ta yi mini laifi ba, amma fushi na nan. Mun shirya daga baya, sai dai har ta koma ga Allah bakina bai taɓa cewa ta yi daidai ba. Abin nan yana ci na.

Bara hawan jini ya mayar da ni sashen. Wata nas da ba ta kai 'yar autata ba ta auna ni, ta ce, "Baba, benci." Na zauna ina kallo. Har la'asar ba ta buɗe kular abincinta ba. Ta wanke jinin wani, ta rarrashi uwar wani, ta sha zagin wani mai babbar riga da ke ɗaukarta hoto da waya yana cewa, "Kun san ko ni wane ne?" Ina ma Ladidi na nan! Da kallo ɗaya za ta kashe wayar nan. Na ja rigarsa na ce, "Alhaji, zauna kusa da ni. Muryarka ta nuna da sauranka."

Ladidi ba ta bar gida a unguwar masu kuɗi ta Maitama ba. Ta bar mini tabo mai ɗinki tara, ta bar wani manomi yana noma doyarsa.

To, ga hukunci, jama'a su shaida: Ladidi, kin yi daidai. Yayanki ya makara, amma ya faɗa.